ƊAURIN TALALA: TARIHIN WANI AIKI MARAR SUNA A KOTUNAN ƘASAR KABI

Mai karatu, akwai ayyukan hukuma da Bahaushe ya raɗa wa suna tun ranar da ya fara ganin su. Ya ga mai kulki ya ce ɗan sanda, ya ga mai leƙa randuna da masai ya ce duba-gari, ya ga mai tsaron 'yan kaso ya lanƙwasa harshe ya ce gandiroba. Amma aikin da ni na yi shekara da shekaru a kotunan Argungu da Birnin Kebbi, har yau bai sami tsayayyen suna a bakin jama'a ba. A takardar ɗaukar aiki Turanci ya kira shi furobeshin ofisa. A garinmu Augie kuwa, wasu su ce "malamin soshiyal", wasu su ce "ɗan welfiya", tsofaffi kuma su ce "tafintan kotu", domin abin da idonsu ya fi gani ke nan, wato mutum tsaye tsakanin majistare da mai laifi yana juya magana daga wannan harshe zuwa wancan.

Kalmar da ta fi kusa da ma'anar aikin ita ce talala. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ta: a ɗaure dabba da doguwar igiya a jikin turke, ta yi kiwonta ta wala, amma ba za ta kai ga shukar mutane ba. To haka wannan hukunci yake. Kotu ta tabbatar mutum ya yi laifi, amma maimakon ta tura shi gidan yari sai ta sake shi ya koma gida bisa sharuɗɗa, na wani wa'adi da ba ya wuce shekara uku, ta kuma naɗa jami'in da zai riƙa sa ido a kansa. In ya kiyaye, shi ke nan. In ya karya, a dawo da shi a yanke masa hukuncin laifinsa na farko. Wannan jami'i, mu ke nan.

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta tarihin aikin shi ne, tun da aka sa hannu a dokar gyaran hali ta 2019 nake jin matasa suna maganarsa kamar wani baƙon abu da aka sauke jiya daga jirgi. Ni kuwa abin da shekaru suka koya mini shi ne, talala ba ta yiwuwa sai da turke da igiya. Turken shi ne mutanen gari da za su tsaya wa mai laifi. Igiyar kuwa harshe ce, domin da shi ake ƙulla zauren mai unguwa da teburin alƙali. Duka biyun kuma an san su a ƙasar nan tun kafin zuwan Bature.

KAFIN ZUWAN BATURE

Kwarin Gulbin Rima tsohon wurin mulki ne. Tun farkon ƙarni na 16 Kanta ya kafa daular Kabi, ya zauna a Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka tattara a Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar ƙwato 'yancinsu. Daga nan Gwandu da Argungu suka shafe mafi yawan sauran ƙarnin suna zaman doya da manja. Amma duk da wannan gaba, malaman ɓangarorin biyu mazhabar Malikiyya suke bi, littattafai iri ɗaya suke karantawa.

A cikin waɗannan littattafai ne mai neman asalin aikinmu zai tsinci abin mamaki. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda shi ne madogarar alƙalan ƙasar Hausa, ya tsara cewa in an naɗa sabon alƙali, abin da zai fara dubawa shi ne al'amarin waɗanda ke tsare, ko akwai wanda aka ajiye ba bisa haƙƙi ba. Ya kuma tsara masa mataimaka. Akwai magatakarda adali. Akwai muzakki, wato amintaccen mutum da alƙali ke aikawa a asirce ya shiga unguwa ya binciko halin shaidu, ya dawo ya faɗa masa ko mutanen kirki ne. Akwai kuma mai fassara, wanda littafin ya ɗauke shi a matsayin mai ba da labari, saboda haka mutum ɗaya amintacce ya wadatar. Shi kansa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan abin da ya wajaba ga masu mulki da masu hukunci.

Gaskiya ne muzakki halin shaidu yake bincike, mu kuwa halin wanda aka samu da laifi. Amma hikimar guda ce: alƙali yana zaune wuri ɗaya, ba ya ganin abin da ke cikin gidaje, don haka yana bukatar ido da kunne da zai aika. Sai kuma babin ta'aziri, wato laifuffukan da shari'a ba ta yanke musu haddi ba, inda aka bar wa alƙali ya auna laifin da mai laifin, ya zaɓi nasiha ko tsawatarwa ko bulala ko ɗauri. Ga lamuni, inda dattijo zai ce "na tsaya masa, duk ranar da aka neme shi ni zan kawo shi." Ga sulhu, wanda yawancin rigingimun gona da kiwo da ruwa a nan suke mutuwa, a gaban mai unguwa ko Sarkin Noma ko Sarkin Ruwa, tun ba su kai zauren alƙali ba.

Ba ina cewa zamanin da aljanna ba ne. Akwai gidan Yari da mari a ƙafa, kuma bawa da baƙo marar gata sun sha wuya. Amma aƙalla alƙali da mai ƙara da mai lamuni suna jin maganar juna.

RANAR DA HARSHE YA RABU UKU

Turawan Ingila sun shiga Argungu a 1902 ba tare da yaƙi ba, a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, sannan suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Ya bar su a ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906, ya hana hukunce-hukunce irin su yanke hannu, daga baya aka kasa kotunan aji huɗu, inda kotun babban sarki ke iya yanke hukuncin kisa amma sai Gwamna ya amince. Razdan da Di'o kuma aka ba su ikon duba littafin kowace kotu, su rage hukunci ko su soke shi.

Daga nan shari'ar talaka ta koma tafiya a kan harsuna uku. Shi mai ƙara yana magana da Hausa, ko Fulatanci, ko Zabarmanci in daga yamma ya fito. Alƙali yana rubutawa da Larabci. Baturen da zai duba yana tunani da Turanci. A tsakaninsu sai wani sabon mai iko ya tsiro, wato tafinta, wanda ko sunansa ma daga Turanci aka aro shi. Tsofaffinmu sun ba mu labarin yadda ake tsoron tafinta da masinjan Di'o fiye da Di'on kansa, domin kalma ɗaya da ya ƙara ko ya haɗiye tana iya tuɓe rawani ko ta kai mutum kurkuku. Turawan ma sun san da wannan rami. Shi ya sa suka wajabta wa ma'aikatansu cin jarrabawar Hausa, aka fitar musu da taƙaitaccen Muhtasar cikin Turanci a 1916, aka kuma buɗe makarantar koyon shari'a a Kano a 1934 don horar da alƙalai.

Shari'ar da ta fi kowace nuna girman wannan rami a ƙasarmu ta faru. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar wani mutum mai suna Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci ta yanke masa kisa. A dokar Turawa kuwa, wanda aka tsokana har zuciya ta ɗebe shi ya yi kisa, laifinsa bai kai na a kashe shi ba. Kotun ɗaukaka ƙarar ta rushe hukuncin. Aiki ɗaya, gawa ɗaya, amma sunan laifin a Larabci daban, a Turanci daban, kuma ran mutum yana rataye a tsakanin sunayen biyu. Hankalin sarakuna da alƙalan Arewa ya tashi, aka yi ta gyare-gyaren doka shekara da shekaru.

Ƙarshenta a 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi kundin Final Kod da na tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. An kwaikwayo kundin daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Aka riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya ana koya musu shi. A 1967 aka soke kotunan sarakuna aka kawo kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha, a 1968 kuma gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya. Dubi abin da ya faru a nan: hukunci ya bar hannun mutanen da suka san mai laifi da ubansa, ya koma hannun ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga wani lardi.

DAGA BOSTON ZUWA KADUNA

Shi kuwa furobeshin na takarda, asalinsa wani mai ɗinkin takalma ne a birnin Boston na Amurka, John Augustus. A 1841 ya roƙi alƙali ya ba shi belin wani mashayi, ya kai shi gida, ya sama masa abin yi, bayan mako uku ya dawo da shi kotu a natse, alƙali ya ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba ya sallame shi. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa mutum kusan 2,000. A 1878 jihar Massachusetts ta mai da abin doka. A Ingila kuwa tun 1876 wasu masu wa'azin coci suke zuwa kotunan Landan suna karɓar mashaya, har aka yi dokar furobeshin a 1907. In ka duba da kyau, abin da mai takalman nan ya yi shi ne lamuni, irin wanda dattawanmu suka saba.

A Nijeriya ta Ikko abin ya shigo. Lokacin yaƙin duniya na biyu yara marasa galihu sun cika titunan birnin, sai aka ɗora wa wani Bature, Donald Faulkner, aikin jin daɗin jama'a, kuma a 1943 aka yi dokar yara da matasa wadda ta kafa kotun yara da jami'an sa ido. Arewa ta yi dokarta ta talala a 1957, ta yi ta yara da matasa a 1958, sannan daga baya aka yi dokar gidajen horon kangararrun matasa, irin na Kakuri a Kaduna. Aikin sa idon aka ɗora shi a kan ma'aikatan jin daɗin jama'a. Haka Jihar Arewa maso Yamma ta gaje shi a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, Jihar Kebbi kuma ran 27 ga Agusta 1991. Ni a zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato na shiga, na gama a Kebbi.

YADDA AIKIN YAKE A ƘASA

In kotu ta sami yaro ko matashi da laifi, kafin ta yanke hukunci takan ɗage zama ta ce a kawo mata rahoton gidansu da halinsa. Sai in hau babur in nufi ƙauyensu, ko wajen Bayawa, ko Tiggi, ko Bubuce. In damina ta yi nisa fadama ta cika, a jingine babur a shiga kwalekwale. Ba a faɗa wa gida kai tsaye. Sai an fara gaida hakimi ko dagaci, ya haɗa ka da mai unguwa, a ga liman, a ga malamin allo ko hedimasta, sannan a yi sallama a zaure. Uwa kuwa, wadda ta fi kowa sanin yaron, sau da yawa daga bayan zana take magana, ko kuma in nemi abokiyar aiki mace ta shiga. Duk abin da na ji da Hausa, da dare in zauna gaban fitila in mai da shi Turanci, shafi biyu ko uku.

A nan wahalar take. Fom ɗin da aka gada daga Ingila yana tambayar lambar gida da sunan titi, alhali adireshin yaron shi ne "bayan masallacin Juma'a, gidan masu taru." Yana tambayar sana'a guda, alhali mutumin manomin gero ne da damina, masunci in ruwa ya janye, mai noman shinkafa da rani, ɗan ci-rani in abin ya ƙi. Yana tambayar uba, yaron ya ce "baba", sai ka bincika ka tarar ƙanen uba ne, uban ya daɗe da rasuwa. Yana tambayar shekaru, ba takardar haihuwa. Shekarun nan kuwa ba abin wasa ba ne, domin sashe na 50 na Final Kod ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi sam, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuma sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya san abin da yake yi. A sama kuma, shekara ɗaya tana iya raba yaro da kotun yara ta jefa shi ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi. Sai mu koma lissafin gida: azumi nawa ya yi, da wa aka yi musu kaciya, wane sarki ke kan gado, shekarar wace ambaliya aka yaye shi.

Amma babban ramin yana cikin zauren kotu, lokacin karanta tuhuma. Turanci yana tambayar mutum ko ya amsa laifi. Mai fassara da ke sauri sai ya ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" Tambayoyin nan biyu ba ɗaya ba ne. Haka nan in aka ce wa Bahaushe "Ka ji?" ya ce "Na ji", mai rubutu sai ya rubuta ya fahimta, alhali ladabi kawai ya yi.

Na tuna wani saurayi daga wani ƙauyen fadama da aka kawo kan satar injin ban-ruwa, laifin da sashe na 287 ya tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Aka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni niɗ ɗauke shi." Aka rubuta ya amsa laifi. Da aka ba ni shi, na zauna da shi a inuwa na ce, "Samari, me ya kai ka?" Ya ce, "Malam, rani biyu ina yi ma kawu aiki. Munka yi da shi in an sai da shinkafa zai bar min injin. Anka sai da, yac ce bai san zancen ba."

Na je ƙauyen. Mai unguwa ya tabbatar da aikin rani biyu. Sarkin Noma ya ce a gabansa aka yi maganar, ko da yake ba a rubuta ba. Na sami kawun na ce, "Alhaji, ɗan ƙanwarka ne fa. In ya shiga gidan yari, da wane ido za ka dubi uwarsa ranar Salla?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ni tsoro nis so ya ji. Ban san abin zai kai haka ba." Rahotona ba ya wanke laifi, hukunci kawai yake shafa, kuma ɗaukar kayan wani cikin dare laifi ne ko da kana bin sa bashi. Na rubuta abin da na gani ba ƙari ba ragi. Majistare ya sa shi talala ta shekara ɗaya, Sarkin Noma ya tsaya masa, aka mai da injin, dattawa kuma suka zauna suka yanke ladan da kawun zai biya. Yaron ya cika wa'adinsa lafiya.

Wannan ya sami turke. Amma na ga da yawa da ba su samu ba. Almajirin da aka kawo daga nesa, malaminsa ya tashi, ba wanda ya san garinsu sosai, in ya ɗauki abin da bai kai kuɗin kwanon tuwo ba, wa zai tsaya masa? Kotu ba ta sakin yaro ga iska. Irin waɗannan su ke daɗewa a tsare, su shiga da laifin yunwa su fito da sana'ar sata, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma inda harsunana biyu suke ƙarewa. Yaron Fulani da shanunsa suka yi ɓarna zai tsaya shiru, ba zai ɗaga ido ba, ba zai yi kuka ba, da ƙyar zai ambaci sunan mahaifinsa. Wanda bai san Fulani ba sai ya rubuta taurin kai da rashin nadama, alhali kunya ce da tarbiyya. Dole in nemo mai jin Fulatanci, in kuma bayyana wa kotu ma'anar shirun. Fassarar shiru ta fi fassarar magana wuya.

Sai kuma fassara ta komawa gida. In majistare ya karanta umarninsa da Turanci, abin da dangi ke ji kawai shi ne "an sake shi", su fara guɗa. Sai na tara su na ce, "Ba a kwance shi ba, igiya aka tsawaita." Nan take kowa ya gane, domin kowa ya san talala. Sannan in jera sharuɗɗan: ya zo wurina duk wata, kada ya sauya mazauni ba da sanina ba, ya rabu da abokan banza. Sharaɗin mazaunin nan yakan yi karo da ci-rani, domin hana saurayi fita bayan kaka daidai yake da hana gidansu cefane. Sau da yawa sai na koma kotu na nemi a sassauta, ko a haɗa shi da wani dattijon garinsu a inda za shi.

Mai wannan aiki ba ya da farin jini ta ko'ina. A ƙauye ana yi masa kallon ɗan leƙen asirin hukuma, a harabar kotu ana kiran sa lauyan ɓarayi. Ga gaisuwa, kaza ko busasshen kifi ko tiyar shinkafa, wadda ƙin karɓarta rashin kunya ne a al'ada, karɓarta kuma cin amana ne a aiki. Jarinsa guda ne, wato alƙali ya yarda abin da ya rubuta shi aka faɗa, uwa kuma ta yarda abin da ta faɗa shi za a rubuta. Ranar da ɗayansu ya daina yarda, ya koma tafintan zamanin Di'o.

INDA AKA KWANA

Daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 aikin ya fara ja da baya a duk ƙasar. Abin hawa ya yi ƙaranci, tsofaffin ma'aikata suka yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, kotuna da yawa suka saba da hukunci biyu kawai, tara ko ɗauri. A shekarar 2000 Kebbi ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. A kotunan shari'a alƙali da mai ƙara da Hausa suke magana, wannan ya rage rami ɗaya. Amma a kotun majistare da babbar kotu Turanci ne harshen rubutu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Haƙƙin yana nan a rubuce, ingancin fassarar ne abin dubawa.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Tokyo a 1990 kan hukuncin da ba na ɗauri ba. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Kebbi ta sa hannu a tata a 2022. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi talala da aikin gayya na hukunci. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, ta kuma buɗe mata sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. A 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen. Duk da haka alƙaluman hukumar na shekarun nan suna nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi.

Shawarata ga masu riƙe da wannan sabon sashe guda huɗu ce. Na farko, a ɗauki ma'aikatan da suka iya Hausar wurin da Turancin kotu duka biyu, a sa masu jin Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci a inda ake bukata, a kuma jarraba su a kan fassara kamar yadda ake jarraba su a kan doka. Na biyu, alƙalai da lauyoyi da malaman Hausa su zauna su tsayar da kalmomin kotu, musamman yadda za a tambayi mutum ko ya amsa laifi. Na uku, a riƙa ba mai laifi da mai lamuninsa takardar sharuɗɗa da Hausa, boko da ajami. Na huɗu, a jawo masarautun Argungu da Gwandu, daga hakimi har mai unguwa da liman da sarakunan sana'a, a ba lamuninsu matsayi a rubuce, a kuma nemi mai tsaya wa yaron da ba shi da kowa, tun da Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba alƙalanmu ikon yin adalci, Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan aiki ba a san sunansu ba. Amin.